Koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu: tambayoyin ƴan Damagaram da amsoshinsu

Duk ranar da helikwafta ya ratsa ta saman Birni ko Zango, yara sukan bar ƙwallo su ɗaga kai, samari a fada su tsai da hira har ƙarar ta ɓace. A cikin masu ɗaga kan nan akan sami ɗaya da abin ya zauna masa a rai. Na daɗe ina aiki a harkar jiragen sama, shi ya sa irin waɗannan yaran da iyayensu suke tare ni da tambaya, wani a bakin masallaci, wani a wurin ɗaurin aure. Na tara tambayoyin a nan. Ina son in ga ƴaƴan garin nan cikin wannan sana'a, amma ba na son ko ɗaya ya shige ta da ka, a sayar da gonar gado, ya dawo gida ba lasisi ba gona.

Malam, a nan Damagaram akwai inda ake koyar da tuƙin helikwafta?

Babu. Filin jirgi muna da shi, a takardun matuƙa DRZR ake rubuta sunansa, kuma jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya masu jigilar ma'aikatan agaji suna sauka a cikinsa, amma ba makarantar tuƙi. Wasu suna jin sunan EAMAC ta Yamai sai su ɗauka can ake koyo. Makaranta ce mai daraja, ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka, tun 1963 take aiki, sai dai masu ba jirage hanya daga hasumiya take yayewa, da masana yanayi, da injiniyoyin na'urori. Mai son helikwafta ya sa a ransa zai yi tafiya, ko da kakin soja ko da kuɗin gidansu.

To, da me zan fara?

Da likita, ƙanena. Kafin fasfo, kafin biza, kafin ka tura wa kowace makaranta ko dala ɗaya.

Takardar lafiyar matuƙi aji-aji ce. Mai tuƙi don sha'awarsa aji na 2 ya ishe shi, amma wanda zai ci abinci da tuƙi sai ya sami aji na 1. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a karɓi aji na 2 don ya fi sauƙi da araha, a yi ta zuba kuɗi a awoyi, sai an zo neman lasisin sana'a a tarar aji na 1 ya gagara. In aiki kake nufi, nemi aji na 1 tun ranar farko. Za a duba ido, da gane launi, da ji, da hawan jini, a ɗauki zanen bugun zuciya, a gwada jini da fitsari, a tambaye ka duk ciwon da ka taɓa yi. Ba kowane likita ke sa hannu a wannan takarda ba, sai wanda hukumar jiragen sama ta ƙasar da za ta ba ka lasisi ta amince da shi. A nan gida hukumar ANAC da ke Yamai ita ce za ta gaya maka likitocinta.

Na san wani yaro da mahaifinsa ya sayar da fili, aka biya kuɗin shiga, aka yanki tikiti. Sai da ya isa can likita ya buɗe masa littafin nan mai ɗigo-ɗigon launuka da lambobi a ɓoye, yaron ya duba ya rasa lambar. Aka sake gwada shi da wata na'ura, ya kasa raba ja da kore. Shekara ashirin yana duniya bai san yana da wannan ba, don ba ciwo ba ne, haihuwarsa aka yi da shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gwajin bai kai minti biyar ba, kuma likitan ido a babban asibitin garin nan zai iya yi masa shi. Don haka je ka yi gwajin share fage a gida: ido, launi, kunne, jini. Ba zai maye gurbin takardar hukuma ba, amma zai gaya maka ko tafiyar ta cancanci kuɗin mota.

Ina sa tabarau. Ƙanena kuma an ce yana ɗauke da ƙwayar amosanin jini. Mun fita ke nan?

Tabarau ba ya hana tuƙi muddin yana gyara ganin har ya kai ma'auni. Sai dai a rubuta maka sharaɗin sa shi, da riƙe na biyu a aljihu. Amosanin jini kuwa a bambanta: mai ɗauke da ƙwayar kawai, wato AS, ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ta ce galibi ba ya faɗuwa saboda haka. Mai cutar kanta, SS, shi ne hanyar ke rufe wa. Farfaɗiya ma haka. Tramol da ire-irensa kuwa, wanda ya saba da su ya rabu da su tun yanzu, don gwajin fitsari ba ya rufa wa kowa asiri, kuma kamfanoni suna yin sa ba sanarwa.

Lasisin nan iri nawa ne, kuma awa nawa ake yi a sama?

Uku ne. Na farko PPL, lasisin tuƙa kai: kana iya ɗaukar ƴan uwa da abokai amma ba a biyan ka. Ana ba mai shekara 17. Na biyu CPL, lasisin sana'a, daga shekara 18. Na uku ATPL, na manyan kyaftin, sai an kai shekara 21 da awa 1,000. A kowanne akan ƙara harafin H don a nuna na helikwafta ne, domin lasisin jirgi mai fiffike ba ya ba ka izinin taɓa wannan.

Hukumar duniya, wadda masu Faransanci ke kira OACI, ta sa mafi ƙarancin awa 40 ga PPL, awa 150 ga CPL. Kowace ƙasa kuma tana iya ƙarawa. Amurka ta tsaya a 40 da 150. Turai tana neman 45 ga PPL, ga CPL kuma 185 in an bi mataki-mataki, ko 135 in an yi karatun a dunƙule a makaranta ɗaya. Afirka ta Kudu 50 da 200. Cikin awoyin PPL dole akwai goma da za ka tashi kai kaɗai, har da tafiya guda ta kusan kilomita 180 mai sauka biyu a hanya, kamar ka je Magariya ka dawo.

Waɗannan lambobi ƙasan ma'auni ne. Ɗalibai da yawa sai sun kai awa 55 ko 60 kafin malami ya yarda ya miƙa su ga mai jarrabawa, kuma ba abin kunya ba ne.

Sai mai bak? Lissafina ba ƙarfi.

Dokar lasisi ta duniya ba ta ambaci bak ba, wato takardar gama lise, amma makarantu da yawa suna nema, soja kuwa dole. Lissafin da ake yi a jirgi ba mai zurfi ba ne: nisa, gudu, lokaci, litar mai, nauyi. Abin da ake so shi ne ka yi shi da ka, da sauri, hannuwanka biyu suna kan aiki. Ɗan kasuwar Dole da ke juya naira zuwa sefa ba takarda yana da irin kan da ake nema. Sai dai ka saba da sababbin ma'aunai, don a sama tsawo da ƙafa ake auna shi, nisa da mil ɗin teku mai mita 1,852.

Karatun aji kuma ba wasa ba ne. A tsarin Turai darussa tara ne ga PPL: dokar sama, yanayi, sanin hanya, sadarwa, ginin jirgi da injinsa, yadda jirgi ke tashi, lissafin nauyi da tsara tafiya, ƙa'idojin aiki, da iyakar jikin ɗan Adam. Kowanne sai ka ci 75 cikin 100.

Inda ƴan Nijar suka fi shan wuya shi ne Ingilishi. Mun yi lakwal da Faransanci, a sararin ƙasarmu kuma ana magana da hasumiya da shi, amma da ka ƙetare Kano ko ka nemi aiki a kamfanin waje, sai Ingilishi. Akwai jarrabawarsa mai mataki shida, ana buƙatar na 4, kuma wanda ya tsaya a na 4 sai ya riƙa sabunta shi bayan shekara uku ko huɗu. Ba nahawu ake nema ba, a ji ka cikin ƙarar rediyo, kai ma ka ji, ka iya bayyana matsala in ta taso. Wanda ya tafi ba Ingilishi, a cikin jirgi zai koye shi, da kuɗin awa.

Malam, ni ne uban yaron. Gaya mini gaskiya, nawa zan tanada?

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Farashi yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka bari in ba ka hanyar lissafi maimakon lamba guda. A ce makaranta ta ce awa ɗaya da malami Yuro 450 ce. Yuro ɗaya sefa 656 ne, awa ta tashi kusan jika 295 ke nan. Awa 45 ta haura miliyan 13. In yaron ya kai awa 60, miliyan 17 da ɗoriya. Awa 185 ta lasisin sana'a ta doshi miliyan 55. Wannan kuɗin tashi ne kawai. Ba a sa karatun aji ba, da littattafai, da kuɗin jarrabawa, da hayar jirgi ranar jarrabawa, da likita, da inshora, da biza, da ɗakin kwana da abinci na shekara ɗaya ko biyu.

Tsadar tana da dalili. Ƙaramin helikwafta yana shan mai lita 30 zuwa 40 a awa, kuma sassansa masu juyawa kowanne yana da adadin awoyin da za a cire shi ko da lafiyarsa lau. Robinson R22, in ya cika awa 2,200 ko shekara 12, sai an kwance shi gaba ɗaya an sabunta. Ɗalibi ne ke biyan wannan kaɗan-kaɗan a kowace awa. Shi ya sa in ka ga farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, ka tambayi abin da aka rage.

Shawarata, Alhaji: ka yi lissafin har ƙarshe, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. In abin da ke hannu PPL kaɗai zai kai, a dakata. PPL ba ya kawo albashi, kuma hannun da ya yi wata shida bai taɓa jirgi ba sai an sake biyan awoyi kafin ya dawo daidai.

Makarantar ta ce in muka biya duka a dunƙule za ta rage mana. Mu biya?

Kada ku biya. A watan Fabrairun 2008 wata babbar makarantar helikwafta a Amurka, Silver State Helicopters, ta rufe ƙofa rana ɗaya, ɗalibai fiye da 2,000 suka wayi gari da bashin banki a wuya, da yawansu ba lasisi. A ƙasarsu ke nan, da kotunansu da lauyoyinsu. Ɗan Damagaram da bizar karatu a hannu, wa zai kai wa kuka? A biya awa goma ko ashirin, in sun ƙare a ƙara. A sa a rubuce yadda za a maido da ragowar kuɗi in ɗalibi ya bari. Kuɗin kuma ya shiga asusun makaranta ta banki, ba hannun wani dillali da aka haɗu da shi a Facebook ko WhatsApp ba.

Yaya zan gane makarantar kirki?

Fara da takardar izininta. Kowace makarantar gaskiya tana da lambar amincewa daga hukumar jiragen saman ƙasarta: NCAA a Najeriya, SACAA a Afirka ta Kudu, DGAC a Faransa, FAA a Amurka. Karɓi lambar, ka bincika a wurin hukumar da kanka, ka tabbata izinin ya haɗa da helikwafta, don akwai makarantun da izininsu na jirgi mai fiffike ne kawai.

Sannan ka tambayi abin da hoton talla ba ya nunawa. Jirage nawa ne suke tashi a wannan makon, ba nawa aka jera a rumfa ba? Ɗalibai nawa ke rabon su? Makaranta mai jirgi ɗaya, ranar da ya shiga gyara kowa ya zauna, kuɗin haya da na abinci kuwa ba sa zama. Su wa ke gyaran, a nan suke ko sai an kira su daga wani gari? Malami ɗaya zai riƙe ka ko kullum sabon fuska? Awar da ake caji, daga kunna inji take farawa ko daga tashi? Sau nawa ɗalibi ke tashi a mako? Ƙasa da sau uku, rabin kowane darasi a maimaita na baya zai tafi.

Abin da ya fi duka, ka nemi ɗaliban da suka gama da waɗanda suke ciki, ka yi magana da su ba a gaban mai makaranta ba. In da hali ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka biya rabin awa na gwaji, ka lura ko malamin ya zagaya jirgi ya duba shi da takarda a hannu kafin ku shiga, ko ya zauna da kai ya yi bayani kafin tashi da bayan sauka. Makarantar da ta yi maka alkawarin aiki tun ba ta ga hannunka ba, ka riƙe jakarka da kyau.

Wace ƙasa ta fi dacewa da mu?

Najeriya ce kusa: Kano kusan kilomita 240 daga nan, Zariya kuma gaba kaɗan, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964. A Inugu akwai makarantar helikwafta da ke da alaƙa da sojan saman Najeriya. Ribar kusa ita ce harshe, da abinci, da ƴan uwa. Amma ka tambaya a rubuce ko kwas ɗin helikwafta yana gudana a wannan shekarar, da ranar da rukunin ƙarshe ya gama.

Afirka ta Kudu ce ƴan Afirka da yawa ke nufa, don makarantu sun yi yawa a kewayen Johannasbag, sama a buɗe take yawancin shekara, kuma garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,700, abin da ke koya wa ɗalibi tattalin ƙarfin inji. Faransa tana da sauƙin harshe gare mu, lasisinta kuma yana aiki a yawancin ƙasashen Turai, sai dai tsada, ga shi ofishin jakadancinta na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, biza sai an nema ta wata ƙasa. Amurka tana buƙatar bizar koyon sana'a da binciken tsaro na musamman ga baƙo mai koyon tuƙi. Dokokin biza suna juyawa da siyasa, don haka a tabbatar da ita kafin a biya wani abu mai nauyi.

Lasisin waje zai yi aiki a gida?

Jiragen da aka yi wa rajista a Nijar lambarsu da 5U take farawa, na Najeriya da 5N. Don ka tuƙa mai 5U sai ANAC ta amince da lasisinka ko ta musanya maka shi da nata. Rubuta musu tun kafin ka tafi, ka faɗi ƙasar da makarantar, ka ajiye amsar. Kundin awoyinka kuma ka riƙe shi kamar takardar gida, kowane layi da sa hannun malami da hatimin makaranta.

Hanyar soja fa?

Ga ɗan talaka ita ce ƙofar da ta fi faɗi, kuma akasarin ƴan Nijar da ke tuƙa helikwafta ta nan suka bi. Sojan samanmu suna aiki da jirage irin su Mi-17 da Mi-35 da Gazelle. Ana shiga ta gasar ɗaukar hafsoshi, masu bak na kimiyya, C ko D, su ne a gaba, ƙasa ce kuma ke ɗaukar nauyin horon. Amma wanda ya shiga ya san soja ya zama kafin matuƙi. Ba shi zai zaɓi irin jirgin ba, zai sa hannu a kan shekarun hidima, kuma a halin tsaron da muke ciki helikwaftan soja fagen fama yake zuwa. In don ka sami lasisi kyauta ka fice ne, ba wurinka ba ne.

Da wane jirgi ake koyo?

Mafi yawa da Robinson R22, mai kujera biyu, ƙirar Amurka tun 1979. Shi ne mafi araha, kuma ba ya yafe sakaci, har hukumar Amurka ta kafa masa doka ta musamman: awa 20 da malami kafin ɗalibi ya tashi shi kaɗai. Kujerarsa ba ta ɗaukar wanda ya wuce kilo 109. Akwai yayansa R44 mai kujera huɗu, ya fi natsuwa, ya fi tsada. Akwai Cabri G2 na Faransa, sabon ƙira. Kowannensu yana fitar da matuƙi nagari. Kada ka biya kuɗin babban jirgi mai injin turbin a awoyin farko don ya fi kyau a hoto.

Da wuya ne? Makonnin farko yaya suke?

Hannun hagu yana riƙe da sanda a gefen kujera, kolektif, wadda ke ƙara wa fukafukan farfela cizon iska gaba ɗaya, jirgi ya hau ko ya sauka. Hannun dama yana kan siklik, sandar da ke karkata farfelar gaba, baya ko gefe. Ƙafafu suna kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Aikin wannan ƙaramar shi ne hana gangar jirgin juyawa, don in babbar ta juya hagu, jikin so yake ya juya dama. Wahalar ita ce ba wanda za ka taɓa sauran su zauna lafiya. Ka ja kolektif, hanci ya karkata, sai ka taka feda. Ka taka feda, jirgi ya zame gefe, sai ka gyara da siklik.

Tafiya a sama ba ta cika ba ɗalibi wuya ba. Tsayawa cak a iska, mita ɗaya daga ƙasa, ita ce ke sa gumi. Malami zai ba ka fili kamar na ƙwallo ya ce ka tsaya a ciki, ka kasa. Jirgin zai yi ta lilo, kana gyarawa a makare, kana gyarawa fiye da kima, har ya ce ya karɓa. Haka za a yi awoyi. Ka tuna yarinyar da ke koyon ɗaukar ƙwaryar nono a ka: da fari tana riƙewa da hannu biyu yana zuba, wata rana sai ka gan ta tana tafe tana hira, wuyanta na gyarawa ba ta ma sani ba. Haka yake zuwa. Sirrin shi ne ka sassauta riƙo, ka ɗora hannu a cinya, ka dubi nesa maimakon ƙasan ƙafarka. Jiri da tashin zuciya a kwanakin farko ba baƙon abu ba ne, yawanci suna wucewa.

Ni mahaifiyarsa ce. In injin ya mutu a sama, ba faɗowa zai yi kamar dutse ba?

Hajiya, Allah ya kiyaye, amma ba haka yake ba. Tsakanin inji da farfela akwai wani ƙarfe mai aiki irin na keke: in ka daina taka feda, ƙafar keke ba ta tsayawa. In inji ya mutu, matuƙi yana sauke kolektif nan take, jirgin ya fara gangarowa, iskar da ke bugowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfelar, kamar fankar kara da yara ke gudu da ita. Dab da ƙasa sai ya ɗaga hanci ya rage gudu, ya yi amfani da ƙarfin da farfelar ta tara ya dire. Ba a ba ɗalibi lasisi sai ya maimaita wannan sau da yawa.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. Akwai, sai dai mutuwar inji ba ita ce kan gaba ba. Wayoyin lantarki da ba a gani, kutsawa cikin mummunan yanayi, ƙarewar mai, da burga a ƙasa-ƙasa don a gani, su suka fi kashe matuƙa. Duka kuwa hali ne. In ɗanki mai jin magana ne, mai iya cewa yau ba zan tashi ba ko da ana matsa masa, rabin tsoronki ya ragu.

Zafinmu da ƙurarmu suna da tasiri?

Sosai. Filin jirgin Damagaram yana kan tsawon kusan mita 460 daga teku. A watan Afrilu ko Mayu, in zafi ya kai digiri 42, iska takan yi shara-shara har jirgi ya ji kamar a kan dutse mai mita 1,500 yake. Inji ya rage ƙarfi, farfela ta rage kamu. Nauyin da ya ɗauka da asuba cikin sauƙi, da azahar sai ya gagare shi. Ga rairayi: wurin sauka farfela takan tayar da ƙura ta rufe matuƙi ruf a daƙiƙun ƙarshe, ya rasa sama ya rasa ƙasa. Ga hazon hunturu da ke shafe bakin sama kwana da kwanaki, ga hadarin damina da ke tasowa daga gabas da bangon ƙura a gabansa. Wanda ya koyo a ƙasa mai sanyi da ciyawa, in ya dawo ya nemi wanda ya san sahara ya zauna kusa da shi tukuna.

Mace tana iya yi?

Ƙwarai, ƴata. Sandunan nan laushin hannu suke so, ba ƙarfi ba. A 2015 Laftana Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a sojan saman Nijar, a jirgi mai fiffike. Ki tambayi makaranta tun da wuri game da masaukin mata, ki gwada ɗaurin kallabin da abin sauraro zai zauna a kansa ya rufe kunne sosai.

Ana tashi da azumi?

Gilashin helikwafta kamar ɗakin rana yake, ƙishirwa kuma tana rage saurin tunani tun mutum bai ji ba. Gaya wa malaminka kana azumi, a sa maka tashi da sassafe, ko a mayar da watan na karatun aji da jarrabawar takarda. Hukuncin matafiyi da ramuwa kuwa, malaman addini za ka tambaya.

In na gama, aiki yana jira?

A nan ne nake so a saurare ni da kyau. Sabon mai CPL yana da awa 150 zuwa 200, kamfanoni kuwa, saboda sharuɗɗan inshora, ɗaruruwan awoyi suke nema, sau da yawa dubu, kafin su damƙa wa mutum jirgi. Wannan ratar ita ce ke cinye mutane. Hanyar da aka saba bi ita ce ka ƙara kwas ɗin malanta, ka koyar, ana biyan ka kana tara awoyi. To amma baƙo yana da izinin aiki a ƙasar da ya yi karatu? Tambayi wannan tun kafin ka zaɓi makaranta.

Hanya ta biyu ita ce mataimakin matuƙi a manyan jirage masu inji biyu, irin waɗanda kamfanonin Bristow da Caverton ke kai ma'aikatan mai da su cikin teku daga Legas da Fatakwal. Wannan yana buƙatar shaidar tuƙi da na'ura cikin gajimare, da horo a kan irin jirgin, kowanne da kuɗinsa, kuma ɗan ƙasa ake fara dubawa. A gida akwai rijiyoyin mai na Agadem, da ma'adinan arewa, da kwashe marasa lafiya, da yaƙin fara, amma kasuwar ƙarama ce. Kafin ka tafi, nemi matuƙi ko da ɗaya mai aiki a irin wurin da kake buri, ka tambaye shi da awa nawa aka ɗauke shi.

Ina ajin ƙarshe a lise, kuɗi babu. Me zan yi yanzu?

Riƙe lissafi da kimiyyar fizik, ka ci bak da sakamako mai kyau, don gasar soja da ta EAMAC duka a kansa suke tsayawa, haka neman tallafin karatu a hukumar ANAB. Kada ka raina aikin hasumiya ko gyaran jirgi: albashi ne, kuma suna sa ka cikin mutanen da ke jin labarin dama tun ba ta fito fili ba. Je ka yi gwajin ido da launi a wannan hutun. Ba Ingilishi rabin awa kullum, da kunne da baki. Hukumar FAA ta sa littafinta na koyon helikwafta kyauta a intanet, sauke shi a waya ka riƙa bin sa da ƙamus. Haddace haruffan rediyo, ka fara da na garinmu: Delta, Romeo, Zulu, Romeo.

Sannan ka koyi karanta rahoton yanayi na matuƙa, wanda ake kira METAR. Rubuta DRZR a shafukan da ke kawo shi, za ka ga layi guda na lambobi da haruffa: inda iska ta fito da ƙarfinta, nisan gani da mita, zafi, da nauyin iska. Lokacin da ke ciki na duniya ne, sai ka ƙara awa ɗaya ka sami namu. In ka ga HZ hazo ne, DU ƙura ce. Karanta shi da safe, ka fita tsakar gida ka dubi gabas, ka gwada abin da takarda ta ce da abin da idonka ya gani.